Ranar da Inna Kande Ta Ƙi Kushe Ƙasar Madina

Akwai wata Talata cikin watan Rajab da har yau ta ƙi fita daga raina, duk da na ajiye aiki na koma gida ina fama da gwiwoyina da jikokina. Ku 'yan matan da kuka shigo jam'iyya bayana, in na leƙo shan gahwa kukan ce, "Khala, ba mu labarin aiki." Ni kuma sai in ba ku na dariya, irin na tsohon nan da ya zo karɓar mabuɗi da tunkiyarsa a bayan mota yana tambaya wane ɗaki ne nata. Wannan kuwa ban taɓa ba ku shi ba, don ba na iya kai shi ƙarshe da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san mu ba, jam'iyyarmu ta taimako ce. Masu hali da masu waƙafi ke zuba mata, ita kuma ta gina gidaje ta ba marasa ƙarfi a haya mai sauƙi, zawarawa da marayu da tsofaffi. Wani lokaci kuma ta ɗauki tsohuwar unguwa da ta lalace, ta kwashe mutanen zuwa sababbin gidaje, ta rushe, ta sake ginawa. Ni Rabi, da ake kira Ummu Salihu, an ɗauke ni ne don dafa shayi da gahwa a ɓangaren mata, karatuna bai wuce ibtida'i ba, wato firamare. Amma da aka lura tsofaffinmu Hausawa in sun zauna gaban tebur Larabcin nasu guduwa yake yi, sai aka riƙa cewa, "A kira Ummu Salihu." Da haka na zama mai fassara, ba a ma canza mini suna a takarda ba. Kuma na so aikin, wallahi. Ni dama a ba ni tsohuwa da tabarma, to an gama da ni.

A wajen Al-Ranuna, ba nisa da masallacin Kuba, akwai wata hara, wato unguwa, ta gidajen waƙafi da iyayenmu suka zauna tun zuwansu daga ƙasar Hausa. Lungu ne matsattse, mota ba ta shiga, bango duk ya tsage, in aka yi ruwa wayoyin wuta su riƙa tartsatsi a kan mutane. Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin ya isa rushewa. A irin wannan hara na taso, na san ɓera, na san kyankyaso, na san yadda rufi ke ɗiga a kan katifa. Da aka ce jam'iyyarmu ce za ta sake gina ta, har guɗa na yi a kicin.

A ƙarshen lungun akwai gidaje biyu masu bango ɗaya. Na dama na Inna Kande ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, ciwon sukari kuma ya cinye mata ido, sai dai ta bambance haske da duhu. Na hagu na Yaya Hajjo ne, tana zaune da matar ɗanta marigayi da jikokinta. Ita idonta garau, amma kunnenta ya yi nauyi, sai an yi mata ihu. Tun suna amare suke maƙwabtaka. Ba su haɗa komai na jini ba: iyayen Inna Kande Kanawa ne, na Yaya Hajjo Damagarawa, kun kuwa san wasan da ke tsakaninsu. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba.

"Bakanuwa, ashe ba ki mutu ba?" Haka Yaya Hajjo ke buɗe safiya.

"In mutu in bar baiwata ba mai ba ta umarni? Kawo kunun, kin cika surutu."

A katangar tsakar gida sun cire bulo biyu, ta wannan kafa kwano ke wucewa, ya tafi da kunu ya dawo da miya. Yaya Hajjo ce ke yi wa Inna Kande allurar sukari, ita ke ware mata magani, ita ke gaya mata in abayarta ta juya. Ran Asabar kuma Inna Kande ta kama gefen abayar Yaya Hajjo su taka a hankali har Kuba su yi nafila. Sai kuma bugun bango. Kullum in Inna Kande ta idar da sallar Asuba sai ta ɗauki muciya ta buga bangon ɗakinta. Gadon Yaya Hajjo a jikin bangon yake, ba da kunne take jin bugun ba, da bayanta take ji. Sai ta mayar. In ta mayar, to kowa ta kwana lafiya. In shiru, ɗayar ta taso. Kuma duk hara an san alkawarin da ke tsakaninsu: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka.

Yanzu bari in faɗi yadda ake rabon gida, don a fahimci inda abin ya ƙulle. Da farko bahisa, wato ma'aikaciyar da ke binciken halin iyali, za ta je gida ta ga mutum nawa ne da yadda suke zaune. Tamu a lokacin Ustaza Amal ce, jikar Hausawa, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Sai lajna, wato kwamitin manya, ta yanke yawan ɗakunan da suka dace da kowane iyali. Daga nan sai ƙuri'a, ita ke faɗin wace imara mutum zai shiga, wato wane dogon bene, da wane hawa. An kawo ƙuri'ar ne don a da ana ta zargin sanayya, ana cewa wane ya samu hawan ƙasa saboda ya san wane. Ƙuri'a ba ta san kowa ba. Mun yi alfahari da hakan.

Imara biyu muka tanada wa mutanen harar, ɗaya a wajen Ƙiblatain, ɗaya a Al-Khalidiyya. Da aka jawo, Yaya Hajjo da iyalinta suka faɗa Ƙiblatain. Inna Kande ta faɗa Al-Khalidiyya, hawa na uku. Wannan gefen gari da wancan gefen, Harami a tsakiya.

Ranar ce na fara ganin Yaya Hajjo ba wasa a bakinta. Ta kamo hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Rabi, wa zai yi mata allura? Wa zai ji in ba ta tashi ba?"

Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankali, akwai ƙofa."

Ƙofar kuwa ita ce tazallum, wato ƙorafi. Bayan ƙuri'a ana ba da ɗan lokaci, wanda bai gamsu ba ya zo ya faɗa. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, mai gidan da kansa zai tsaya gaban lajna ya faɗa da bakinsa, ba ɗa, ba maƙwabci, ba wakili. Na biyu, dole ƙorafin ya zama kan gidan ne kansa: bene ya yi tsawo, ko wurin ya yi nisa da asibitin mutum, ko makamancin haka. Son zama kusa da wani ba hujja ba ce, sai in uwa ce ko ɗa ko ɗan'uwa na jini. Kada ku ce mugunta ce ta sa aka yi wannan nizam, wato wannan tsari. An yi shi ne bayan wani ɗa ya zo da sunan uwarsa ya musanya mata gidan ƙasa da na sama don amfanin kansa, tsohuwar ba ta ma sani ba. Kowace doka a jam'iyyar nan, in kun bi ta, za ku tarar akwai wanda aka taɓa zalunta a bayanta.

Yaya Hajjo ba ta da halin komawa Al-Khalidiyya, don babu shigga mai ɗakuna da yawa da ta rage a can. Shigga ita ce gida guda a cikin bene. Amma Allah da ikonsa, a imarar Ƙiblatain akwai wata 'yar ƙarama a hawan ƙasa da ta zama ba kowa, wanda ya ci ta ya koma wajen 'yarsa a wani gari. Ƙofarta na kallon ƙofar Yaya Hajjo. Mudirinmu na lokacin, wato shugabanmu Abu Nawaf, mutum ne mai tausayi. Da Ustaza Amal ta kai masa maganar sai ya ce, "Ku kawo ta ran Talata. Ta ce mini wurin bai yi mata ba, kalma ɗaya, in sa hannu. Amma in lokacin ƙorafi ya rufe, shiggar ta wanda ke biye a layi ce, ba ni da iko a kai."

Ran Litinin da la'asar na tafi harar don in shirya ta. Muka baje a tsakar gidan Inna Kande. Na ce, "Inna, abin ba wuya. Za ki ce: wurin bai yi mini ba, bene ne, ga nisa da asibitina. Shi ke nan."

Yaya Hajjo ta ɗauko tawul ta yafa a ka kamar mudir, ta kumbura murya. "Ke tsohuwa, mene ne ƙorafinki? Yi sauri, ina da taro."

"Ƙorafina shi ne an ba ni baiwa kurma, a canza mini."

Muka yi ta dariya har hawaye. Na sake maimaita wa Inna Kande maganar, ta ce, "To." Na ce ta faɗa in ji, ta ce, "Allah dai ya kai mu goben." Kunnena ya ji cewa ba ta faɗa ba. Na ɗauka gajiya ce irin ta tsofaffi, na sha shayina na tafi.

Ran Talata suka zo tare, Inna Kande na riƙe da gefen abaya kamar za su Kuba. Ta sha sabuwar abayarta ta Idi, ta ƙullo goro a leda don mudir. A bakin ɗakin lajna aka tsayar da Yaya Hajjo, don nizam ya ce mai ƙorafi shi kaɗai zai shiga, kada a ce an matsa masa. Ni na kama hannun Inna Kande na shiga da ita na zaunar da ita. A ciki akwai Abu Nawaf da mutum biyu na lajna, da Ustaza Amal a gefe.

Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta yi wa masu waƙafi addu'a, rayayyu da matattu. Abu Nawaf ya karɓi goron da hannu biyu duk da na san ba ya ci. Sannan ya ce, "Ya ummi, an ce kina da ƙorafi. Mene ne aibin wurin da aka ba ki a Al-Khalidiyya?"

Na mayar mata da Hausa. Ta murza carbinta.

"Rabi, tambaye shi. Al-Khalidiyyar nan, cikin Madina take ko waje?"

Na tambaya. Ya yi murmushi ya ce cikin Madina take mana.

"To ba ta da aibi."

Na matso na raɗa mata, "Inna, benen!"

"An ce akwai abin da ke ɗaukar mutum ya kai shi sama."

"Nisa fa, Inna, nisa!"

"Nisa da ina? Wanda aka goyo daga Kano da ƙafa za ki gaya wa nisa?"

Sai na juya wajen mudir na ce masa da Larabci, tana cewa wurin zai yi mata wahala. Na manta tsohuwar nan ta fi ni daɗewa a garin. Bakinta ne ke gudun Larabcin tebur, kunnenta ba ya gudu. Ta ɗaga hannu.

"Rabi, ki ji tsoron Allah." Sannan ta juya inda take jin muryarsa, ta ce masa a'a ɗana da Larabci. "La, ya waladi. Ban ce ba."

Daga nan ta fara magana a hankali, ni kuma ina mayarwa. Ta ce tana 'yar ƙarama aka taso da ita, aka yi shekaru a hanya, ana tafiya ana tsayawa a yi noma a Sudan a sami guzuri. Uwarta ta rasu a bakin teku, ba ta ƙetare ba. Abin da ta yi ta roƙo har ta cika shi ne Allah ya ba ta ta taka ƙasar Madina ko da tafin ƙafa ɗaya. Da suka iso, wata rana aka ba ta ruwan wata rijiya ta sha, ta tofar, ta ce ruwan garin nan zartsi ne. Ubanta bai doke ta ba. Ya dube ta ya ce, uwarki ta mutu tana neman wannan zartsin. Ya yi kwanaki bai yi mata magana ba.

"Tun daga ranar," in ji ta, "zafin garin nan ya ƙone ni, sanyinsa ya shiga ƙashina, na kwana da yunwa a cikinsa, na binne 'ya'yana a cikinsa, ban taɓa buɗe baki na ce wani abu nasa bai yi ba. Mu baƙin Manzo ne. Yanzu da na kusa zuwa in same shi, za a ce in tsaya gaban shaidu in ce wani wuri a garinsa bai yi mini ba, a rubuta, in danna yatsa?"

Ku 'yan yanzu wataƙila ku ce taurin kai ne. Amma duk wadda ta taso a hannun tsofaffin nan ta san wannan tarbiyya. Kakata ma in zafi ya tsananta, ba ta cewa ana zafi, sai ta ce yau Madina ta rungume mu. Na sani sarai. Ban dai taɓa zaton za ta biyo mu har ɗakin lajna ba.

Abu Nawaf ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Ya ummi, ba Madina za ki kushe ba, Allah ya tsare. Ginin kawai, siminti da ƙarfe."

"Ginin a kan me yake tsaye?"

Sai ita da kanta ta ce, "Ni abin da ya kawo ni ɗaya ne. A bar ni kusa da Hajjo."

Ga shi ta faɗi gaskiyarta tsirara, amma ba ita takarda ke nema ba. Ɗaya daga cikin 'yan lajna, wani dattijo, ya yi ƙoƙari shi ma. Ya ce a tambaye ta ko Hajjon 'yar'uwarta ce ta jini, ko sun sha nono ɗaya. Har ya ɗan jinkirta kan maganar nonon, yadda ko yaro zai gane hanya ake buɗa mata. Wa zai je Kano ya bincika? Na mayar mata, na matse hannunta da ƙarfi.

"Wa? Hajjo? Allah ya kiyaye. Badamagariya ce fa, baiwata ce."

Ustaza Amal ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na ce musu ta ce maƙwabciyarta ce.

Ɗayan mutumin ya ce wa Abu Nawaf a hankali, in muka rubuta maƙwabtaka a matsayin hujja, gobe duk hara za ta cika ɗakin nan, kuma kowa na da gaskiya, ƙuri'ar ta rushe ke nan. Ba wanda ya musa masa, don bai yi ƙarya ba. Abu Nawaf ya yi tambayar ƙarshe da nizam ya tilasta: "Kin yarda da shiggar da aka ba ki?"

"Alhamdu lillahi."

Ni na kama yatsarta na sa a tawada.

Da muka fito Yaya Hajjo ta miƙe. "Kin faɗa?"

Yaya Hajjo ta dubi fuskata, ta gane.

"Bakanuwa, kin kashe mu."

Inna Kande ta ɗaga murya don ta ji. "Da ke ce, za ki iya?"

Yaya Hajjo ta miƙa mata gefen abaya ta ce, "Kama mu je, rana na yi."

Ustaza Amal ba ta haƙura ba, ta rubuta zuwa sama tana neman a yi wa tsohuwar rangwame. Kafin amsa ta dawo lokacin ƙorafi ya rufe, shiggar ta tafi ga wata bazawara da ke zaune a ɗakin kan rufi da 'ya'ya biyu. Ni na miƙa mata mabuɗin, ta rungume ni tana kuka don murna. Ban iya jin haushinta ba. Ita ma ta daɗe tana jira.

Kada a ce jam'iyya ta yi sakaci da Inna Kande. Shiggarta fes, ga mukayyif mai sanyaya ɗaki, ga ƙofar ƙarfe, ga banɗaki da abin riƙewa. An sa mai jinya tana zuwa da safe ta yi mata allura, ana kawo abinci. Na saya mata waya na koya mata inda za ta danna. Sai dai ɗaya ba ido, ɗaya ba kunne. Inna Kande ta yi ta ihu a waya, Yaya Hajjo na cewa, "Wa ke magana?" Ashe bangon nan shi ne kaɗai wayar da ke yi musu aiki. Zuwa kuma sai ran Juma'ar da babban jikan Yaya Hajjo ya sami sarari da mota. Da farko duk mako, daga baya sai a yi wata. Kuba kuwa, tun tashinsu Inna Kande ba ta sake takawa ba.

Bayan 'yan watanni wani ƙorafi ya shigo maktab, wato ofishinmu, daga imarar Al-Khalidiyya. Maƙwabtan Inna Kande ne, saurayi da matarsa da jariri. Sun ce kullum da asuba tsohuwar na buga musu bango, jaririn ya farka. Wannan ƙorafi ya cika sharaɗi, kan gida ne, kuma mai shi ya faɗa da bakinsa. Aka aike ni.

Na tarar da ita zaune kan sallaya, muciyar na gefenta. Muciyar da babu abin da take tuƙawa da ita yanzu. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa.

Ta ce, "Na san ba ta nan, Rabi. Ban haukace ba. Hannun ne bai sani ba." Sannan ta ce, "Ki ba su haƙuri. Sunan jaririn wa?"

Cikin sanyin shekarar Yaya Hajjo ta rasu, da hantsi, ba wata jinya. Kun san garin nan ba a ajiye gawa. Aka kai ta wurin wanka, aka yi mata salla a Harami bayan Azahar, aka binne ta a Baƙi'a. Surukarta ta ce ta kira wayar Inna Kande ba ta shiga, ashe wayar ta mutu ba caji, ba wanda ya lura. Cikin ruɗewar mutuwa kuma ba wanda ya tuna ya ƙetara gari. Da la'asar labarin ya same ni. Na ɗauki mota na tafi.

Daga sallamata ta gane. Ta ce, "Muryarki ba daidai take ba. Hajjo ce?"

Na ce, "Sai haƙuri, Inna."

Ta yi salati. Ta fara laluben abayarta. "Tashi ki kai ni, kada su fara ban zo ba."

"Inna, an riga an kai ta."

Hannunta ya tsaya a kan abayar.

"Wa ya yi mata wankan?"

"Matan wurin wanka. Mutanen kirki ne, sun iya."

"Sun san ba ta son ruwan sanyi a bayanta?"

Na kama hannunta na riƙe.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce kawai, "Baiwar nan, ta tafi ba ta nemi izini ba." Ta koma ta zauna, ta ce in zuba mata ruwa ta yi alwala.

An gama ginin harar kafin in bar aiki. Ku je ku gani, abin sha'awa: titi mai faɗi, fitilu, itatuwa, wurin wasan yara. An yi alkawarin tsofaffin mazauna su ne farko in suna son komawa, kuma an cika. Sai dai kaɗan ne suka koma. Wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun saba da sababbin makarantu. Ni aka aika in tambayi Inna Kande.

Ta ce, "Bangon yana nan?"

Na ce, "An yi sabo, Inna, ya fi wancan kyau."

"Wa ke bayansa?"

"Sai an yi ƙuri'a."

"To a bar ni a nan. Nan ma Madina ce."

Abin da zan bar muku ba shi da yawa, kuma ban ce zai gyara komai ba. Na yi shekaru ina ganin muna ƙirga ɗakuna da kawuna, muna auna tsawon bene, kuma muna yi da gaskiya, ba mai cuta a cikinmu. A ɗakin nan ranar Talatar ba mugu ko ɗaya, kowa na son tsohuwar ta samu, amma ba ta samu ba. Wannan ne ke hana ni barci, don da akwai mugu da na san wanda zan kai ƙara wajen Allah. In kun je gidan tsohuwarmu, kada ku tambaye ta me ke damunta da wurin, za ta ce alhamdu lillahi ko rufi na faɗo mata. Ku tambaye ta wa ke jin motsinta da asuba. Ku tambaya tun kafin ƙuri'a, don bayan ƙuri'a ba inda za ku rubuta amsar. Na sha faɗin haka a taro, an ce magana ce mai kyau, za a duba. Har na fita ana dubawa.

Inna Kande tana nan da ranta, nakan je in gwiwa ta bar ni. Ba ta yawan magana yanzu, ba ta da wanda za ta zaga. Muciyar ta ba matar maƙwabcin, ta ce ta riƙa tuƙa wa yaron tuwo. Ranar da na zo sallama da maktab na tambayi wadda ta gaji Ustaza Amal ko akwai wani abu kan tsohuwar Al-Khalidiyya. Ta duba ta ce babu komai, khala, hankali kwance, bugun bangon ya daina, an rufe ƙorafin.